Sunan Lorna a Bakin Gwamna

Litinin, 6 ga Fabrairu, da hantsi

Na mayar wa matan coci kwanukansu. Tun watan Nuwamba suke jibge a kicin, kowanne da sunan mai shi manne a gindi. A garin nan in aka yi maka mutuwa, abinci ake ta kawo maka har ka rasa wurin zama. Ɗaya ya rage wanda sunan ya goge, na ɗora shi a kan firji.

Tunda na auri Orrin ban taɓa ganin ya bar ƙwai a faranti ba sai bana. Yau ma kofi kawai ya kurɓa, ya koma gareji ya zauna gaban taraktar da ya kwance tun kaka. Ko noti ɗaya bai ɗaure ba.

Karen marigayiya 'yarmu Lorna yana kwance a bakin ƙofa. Har yanzu in ya ji ƙarar mota sai ya ɗaga kai.

Laraba, 8 ga Fabrairu, da rana

An bugo waya. Wata yarinya ce mai murya kamar ta masu tallan sabulu.

"Misis Stuckey? Sunana Paige, daga ofishin Gwamna Tolliver nake kira. Da farko dai, muna yi muku ta'aziyyar 'yarku."

Ta ce Gwamna ya karanta a jarida cewa Lorna ta nemi takardar izinin ɗaukar bindiga a ɓoye tun watan Satumba. Ta zauna ajin da ake tilasta wa mutane, ta dangwala yatsu, aka ce ta je ta jira. Wannan duk gaskiya ne. Takardar ta iso bayan mun binne ta, da hotonta a jiki tana murmushi.

Wai Gwamna yana so a soke takardar gaba ɗaya, duk wanda ya balaga ya sa bindigarsa a jaka ko a ƙugu ba sai ya jira kowa ba. Kuma yana neman izininmu a sa wa sabuwar dokar suna Dokar Lorna.

Na ce zan tambayi maigidan. Ban yi niyyar tambayarsa ba. Ina juyowa na gan shi tsaye a ƙofar kicin, hannunsa duk baƙin mai.

Da yamma ya ci wake da burodin masara, har ya nemi ƙari.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, da safe

Ya aske gemu.

Lahadi, 12 ga Fabrairu, bayan coci

Yayata Dot ta zo, ta zauna a baranda da sigarinta duk sanyin nan. Maza biyu ta binne, ba ta jin tsoron kowa.

"In kika ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi," ta ce. "Baɗi zaɓe ne, ke yarinya."

"Yarinya? Furfurata ta fi taki, Dot."

"Ko haƙoranki sun zube ni na wanke miki kashi. Me ruwan Gwamna da Lorna? Ya san ma launin gashinta?"

"Orrin yana cin abinci," na ce.

Ta busa hayaki. Can ta ce, "Makullin nan yana jakata. Ba zan kawo ba sai kin ce."

Makullin kabad ɗin bindigoginsa take nufi. Na ba ta a makon jana'iza, ranar da na same shi tsaye gaban kabad ɗin a buɗe. Bai taɓa komai ba. Ƙusar da babu komai a kanta yake kallo, kuma fuskarsa ba ta mai niyyar ganin gobe ba ce.

Na binne ɗaya. Ba zan binne na biyu ba.

Da Dot za ta shiga mota ta ce, "Verna, akwai abin da ba ki gaya mini ba."

Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta ja tsaki ta tafi.

Talata, 14 ga Fabrairu, da yamma

Wai ranar masoya. Kanti duk jajayen furanni. Wancan ma da furanni ya fara.

Ba zan rubuta sunansa ba. Mijinta ne har zuwa bazarar da ta wuce. Ya tare ta a wurin ajiye motoci bayan asibitin dabbobin da take aiki, da ya gama da ita ya kashe kansa. Ba kotu, ba alƙali, ba wanda ya yi wa kowa tambaya.

Na goge murhu. Da ma a goge yake.

Jumma'a, 17 ga Fabrairu, da la'asar

Gwamna ya zo da kansa. Baƙaƙen motoci suka cika mana hanya har maƙwabta suka fito. Ya fi yadda yake a talabijin gajarta, kuma ya cire hularsa tun daga matakala, ya goge takalminsa a tabarmar ƙofa. Na so in ƙi shi, bai ba ni dalili ba.

Ya zauna a kujerar Lorna ba tare da ya sani ba. Ya ci kek ɗin tuffa, ya yaba. Ya ce ƙudirin ya maƙale a majalisar jiha, ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta ƙi yarda, wasu 'yan jam'iyyarsa ma suna noƙewa. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya lallashi na lallashi, ya matsa wa na matsawa. Abin da ya rage su ji daga bakin uba.

Na ce, "Yallaɓai, ba za a rage jiran kawai ba? Mace ta nema, a ba ta cikin mako guda?"

"Mis Verna, takarda ba ta taɓa hana mugu komai ba. Mutanen kirki kaɗai take tsayarwa a layi."

"Haka ne!" in ji Orrin, har da dukan tebur. "Wallahi haka ne!"

Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka har na manta. Na tashi na ƙara musu kofi.

Ban sani ba ko dokar mai kyau ce. Ni mai ɗinkin labule ce, ba 'yar majalisa ba.

Litinin, 20 ga Fabrairu, da hantsi

Sherif Lonnie ya bugo, Allah ya sa ni na ɗauka. Shi ne shugaban 'yan sandan yankinmu, kuma tun suna samari suke farautar barewa tare da Orrin.

"Verna, an rufe binciken. Akwai kayan Orrin a wurinmu. Doka ta ce a mayar wa mai shi."

"Ka riƙe, Lonnie."

"Ba zan iya riƙewa har abada ba, 'yar uwa."

"Ka riƙe."

Na ji numfashinsa a waya. "Na gan shi a labarai da Gwamna," ya ce. "Ya ɗan yi ƙiba."

"Ya ɗan yi."

"To. Zan riƙe."

Lonnie bai yi wa 'yan jarida ƙarya ba. Ya ce musu tana jiran takarda, ya tsaya a nan. Ban gaya wa Orrin ya kira ba.

Alhamis, 23 ga Fabrairu, da magariba

Mun dawo daga babban birni. Orrin ya sa kwat ɗin da ya sa ranar jana'iza, wandon yana zame masa, sai da na ƙara wa bel ɗin huji.

Ya tsaya gaban kwamitin majalisa ba takarda a hannu. Ya faɗi yadda take kwaso 'yan kyanwa daga kwalbati tana ƙarama. Sannan ya ce, "Kun bar 'yata ta tsaya gabansa ba ko tsinke a hannunta."

Wata 'yar majalisa ta cire tabarau tana share ido. Ni takalmana nake kallo. Na hagun yana buƙatar sabon dunduniya.

Akwai wata mata daga ɗaya ɓangaren, an harbe ɗanta a gidan mai kan gardamar waye ya riga wani zuwa. Ita roƙo take kada a soke takardar. Mun haɗu a bayi muna wanke hannu. Ta yago takardar goge hannu ta miƙo mini.

"Allah ya ba ki haƙuri," ta ce.

"Ke ma."

A hanya Orrin ya tsaya ya ci gasasshen naman sa, ya sude farantin da burodi. Yana ta magana har gida.

Asabar, 25 ga Fabrairu, da rana

Na shiga ɗakinta na ɗauko jakarta, wadda Lonnie ya kawo cikin leda. Man leɓe, makullan asibiti, biskit ɗin kare. Zif ɗin aljihun waje a yage yake, kamar an fizge shi da ƙarfi.

Wata Lahadi a watan Oktoba ta zo ta ce tana ganin motar wancan a layinsu, kuma takardar shiru. Bayan cin abinci Orrin ya ce ta zo su zagaya bayan rumbu. Ina feraye dankali ina jin ƙarar harbi, gwangwanaye suna tsalle daga kan shinge. Da za ta tafi ta matse jakar a hammata, ba yadda ta saba ratayawa ba.

Ban tambaya ba. Ba a gaya mini ba.

Na mayar da jakar cikin ledarta.

Talata, 28 ga Fabrairu, da yamma

Majalisa ta amince. Orrin ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Ban ji komai ba.

Laraba, 1 ga Maris, da safe

Hotonta yana talabijin, muryar Gwamna a kai. In aka ambaci sunanta sai karen ya tashi ya je ƙofa. Na rage sautin.

A gidan waya wani da ban sani ba ya riƙe mini hannu ya ce Lorna ba ta mutu a banza ba. Sunan da na zaɓa ina kwance a gadon haihuwa ya zama na kowa, har a bayan a-kori-kura na gan shi an manna.

Jumma'a, 3 ga Maris, da safe

Yanzu ni ma yake gaya wa. Muna karin kumallo ya ajiye cokali ya ce, "Vern, da sun ba ta takardar nan, da tana da abin kare kanta. Da yanzu tana zaune a nan."

Ido cikin ido ya faɗa. Ba ya ƙifta ido, kamar mai tsallaka rafi a kan gungume.

Na ce, "Kofinka zai huce."

Ya gyara taraktar. Da rana na ji ta tashi.

Litinin, 6 ga Maris, da la'asar

Paige ta bugo da tsarin ranar sa hannu. In sa shuɗi, kada in sa baƙi. Mu tsaya bayan Gwamna ta hagu. Ba sai na yi magana ba. Kuma kamar yadda aka saba, zai sa hannun da alƙaluma da yawa, ya raba wa waɗanda suka yi wahalar dokar. Namu biyu ne.

Na gaya wa Dot. Ta ce, "'Ya guda, a biya ki da biro? Ki ce ya haɗa da fensir mana."

Na yi dariya. Dariyar ta ƙi tsayawa har sai da Dot ta ce, "Verna, ya isa. Ya isa haka." Na ajiye wayar na goge rigar shuɗin.

Alhamis, 9 ga Maris, da yamma

An yi.

Kafin a fita zauren an ajiye mu a wani ƙaramin ɗaki. Paige ta ja Orrin ta gyara masa abin wuya. Gwamna ya shigo yana tsotsar alewar tari, sai ga mu ni da shi a gefen taga.

Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe. "Yallaɓai, ka karanta rahoton Sherif?"

Bai yi kamar bai gane ba. Na yaba masa a kan wannan. Ya juya alewar a bakinsa ya ce, "Mis Verna, ba na sa hannu a kan abin da ban karanta ba. Na karanta duka."

"Duka?"

"Duka. Ta nemi takarda, ba a ba ta ba. Wannan gaskiya ne ko ba gaskiya ba?"

"Gaskiya ne."

"To, ni a kan wannan na tsaya. Dokar nan tun kafin in ji sunan 'yarki nake sonta, kuma na yi imani za ta ceci wasu." Ya nuna Orrin da haɓa. "Dubi mijinki. In kina son makarufo zan ba ki da hannuna. Ba zan hana ki ba."

Na dubi mijina. Yana yi wa Paige bayanin yadda ake canza man tarakta, kumatunsa sun ciko.

Aka buɗe ƙofa muka fita. Alƙaluma a jere a kan tebur kamar cokula ranar biki. Ya ɗauki ɗaya ya ja rabin harafi ya ajiye, ya ɗauki wani, haka har sunansa ya cika, duk a karkace. Ya ce daga wannan lokacin dokar ta fara aiki, ba jira, don jira ne ya kashe Lorna. Aka tafa. Ya juyo ya ba Orrin nasa, ya ba ni nawa, ya ɗan tsaya yana kallona, makarufon yana tsakaninmu.

Na ce, "Na gode."

Jumma'a, 10 ga Maris, da hantsi

Alƙalamin baƙi ne, da sunan Gwamna da ruwan zinari. Ba da shi nake rubutu ba.

Talata, 14 ga Maris, da rana

Wanki. Labulen matar Fasto. Orrin ya yi huɗar gonar baya.

Asabar, 18 ga Maris, da yamma

Mun je kantin kayan gona sayen abincin kare. Orrin ya wuce ciki ɗauko buhu, ni na tsaya wurin biya. Yarinyar da ke karɓar kuɗi sabuwa ce, an rubuta Brinley a ƙirjinta. Ba ta kai Lorna shekaru ba. Ta shafa hoda mai yawa a gefen ido ɗaya.

Ta ƙura mini ido. "Ke ce maman Lorna! Na gan ki a talabijin."

Na ce ni ce.

Ta duba hagu da dama, ta jawo jakarta daga ƙarƙashin teburin biya, ta ɗan zuge aljihun waje ta nuna mini. Ƙaramar bindiga ce, sabuwa fil.

"Washegarin sa hannun na saya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Nawa mijin ma irin na Lorna ne. Ya ce in na bar shi sai dai gawata. Da zan gudu wurin gwaggona a wata jihar, har na haɗa kaya. Sai na ji mijinki yana magana, na ce kai, ina dalili? Ba inda zan je. Ya zo ya same ni."

"Kin taɓa harbawa?"

"Ban samu lokaci ba tukuna. Ai ganinta kawai ya isa." Ta yi murmushi, haƙorinta na gaba da ɗan giɓi. "Da Lorna tana da ita ranar, Mama, da yanzu..."

"Tana da ita."

Ta ce, "Na'am?"

"Tana da ita ranar. A wannan aljihun, inda kika sa taki. Ta ciro, ta kasa danna wa mutumin da ta taɓa so. Ya karɓe daga hannunta. Da ita ya kashe ta." Muryata ba ta ko yi rawa ba, kamar ina faɗin awon taga. "Shi bai zo da komai ba. Ki je wurin gwaggonki, 'yata. Ki tafi yau, kada ki koma ɗaukar kaya."

Yarinyar ba ni take kallo ba. Bayana take kallo.

Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Buhun yana kafaɗarsa. Ya sauke shi a hankali ya jingina da teburin, ya cire hularsa.

"Tawa ce," ya ce wa yarinyar. "Ni na sa mata a jaka."

Ya fita. Na biya kuɗin, na ja buhun da kaina har mota.

Muka koma gida. Bai ci abinci ba. Na kira Dot na ce kada ta kuskura ta ba shi makullin ko zai yi kuka da jini, kuma na gaya mata sauran.

Lahadi, 19 ga Maris, da sassafe

Yana raye. Na same shi zaune a matakalar baranda da kayan jiya, karen a gefensa. Na zauna kusa da shi.

"Tun yaushe kika sani?" ya ce.

"Tun farko."

Ya gyaɗa kai. Bai dube ni ba.

"Kina tsaye a bayana a majalisa. Kina tsaye a bayana gaban Gwamna. Kina ji ina faɗa wa duniya, ina faɗa miki a kicin." Ya shafa kan karen. "Vern, da kika bar ni ina ta faɗa, tausayina kike ji, ko hukunta ni kike yi?"

Na buɗe baki in ce tausayi.

Yana can a matakalar yana jira. Na shigo ne in ɗora kofi, kuma ruwan ya daɗe da tafasa.